Binne Wayar Lantarki Zuwa Gareji: Kada Magidanci Ya Haƙa Wa Iyalinsa Rami

Daga Wakilinmu

Masana tarihi sun ce maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka je gindin Dala neman tama, kuma daga zamansu ne birnin Kano ya tsiro. Watau tun fil azal mutanen wannan gari sun san tono ƙarfe daga cikin ƙasa. To, yau ga shi al'amari ya juya, domin magidanta a Gaya da maƙwabciyarta Ajingi sun shiga binne ƙarfe a ƙasa, watau wayar jan ƙarfe da ke kai wutar lantarki daga cikin gida zuwa gareji.

Duk wanda ya san garuruwan nan ya san gareji ba ɗakin mota kaɗai ba ne. Galibi ana gina shi a ƙofar gida kusa da zaure, ko can a ƙarshen fili, nesa da inda mitar wuta take. A cikinsa ne za ka iske babur, da firijin ƙanƙara, da injin markaɗe, wani lokaci har da teburin cajin waya ko makunnin injin burtsatse. Saboda haka dole wuta ta isa can. Yadda aka saba shi ne a ja waya ta sama, a ɗaure ta a jikin darbejiya ko a tokare ta da gora, ta ratsa tsakar gida. Iskar farkon damina ta tsinke ta, amalanke ɗauke da kara ya fizge ta, wani lokaci ma a mai da ita igiyar shanya. Don haka wanda ya yi shawarar binne wayarsa ya yi tunani mai kyau. Sai dai akwai abu guda da ya kamata ya sani: kuskuren da aka yi a sama kowa yana ganinsa, wanda aka binne kuwa ba ya bayyana sai ranar da ya yi ɓarna.

Kafin a ɗauki diga, ya kamata mai karatu ya san inda alhakinsa ya fara. A 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta zama PHCN, kana a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Sunaye sun sauya, amma ƙa'ida ɗaya ba ta sauya ba: daga taransifoma zuwa mita aikin kamfani ne, daga mita zuwa cikin gida kuwa wuyan maigida ne. Wayar gareji tilas ta tashi daga bayan mita, daga akwatin rarraba wuta na gidan. Wanda ya jona ta kafin mita ya yi satar wuta, laifin da Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadar wa hukunci, bugu da ƙari ya bar wayar ba tare da wani abin da zai katse ta ba in ta kama da wuta.

Mataki na farko shi ne lissafi. A zauna da mai wayarin a ƙidaya duk abin da za a kunna a garejin yau, da wanda ake sa ran ƙarawa baɗi, domin kaurin waya ya dogara ne a kan nauyin kaya da nisan tafiya. Wuta tana raguwa a hanya kamar yadda ruwa ke raguwa a doguwar lambatu. A ce tsakanin gida da gareji mita 30 ne, kuma kayan suna jan amfiya 20. Waya mai lamba 2.5 za ta zubar da kusan volt 11 kafin ta isa, mai lamba 4 za ta zubar da wajen volt 7, mai lamba 6 kuwa ƙasa da volt 5. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya volt 230 ce, amma gidan da ke nesa da taransifoma ba kullum yake samun ta cikakkiya ba. Idan aka haɗa raunin layi da siririyar waya, sai inji ya riƙa gurnani yana zafi har ya ƙone, tun da yake a lokacin tashi yana jan ninki biyar ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Abin da aka rage a kuɗin waya, a wurin mai naɗin koyil za a biya shi.

Mataki na biyu shi ne irin wayar. Wayar da ake sakawa a bangon ɗaki ba a yi ta don zama cikin ƙasa ba. Danshin damina yana cin robarta, gara da gafiya suna taɓa ta, fartanya kuma tana raba ta biyu da sara ɗaya. Wadda ta dace ita ce waya mai sulke, watau wadda aka naɗe da zaren ƙarfe aka kuma rufe da roba mai kauri. In an haɗa sulken da wayar ƙasa yadda ya kamata, duk abin da ya huda ta zai fara taɓa sulke, wuta ta katse kafin ta kai ga hannun mai haƙa. In kuwa hali bai yi ba, to, a zura waya mai riɓi biyu cikin bututun roba mai ƙarfi, a liƙe mahaɗansa, a kuma kare shi da bulo. Mai zuwa sayayya Sabon Gari a Kano ya lura ƙwarai, domin akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A kankare bakinta da wuƙa, in ciki ya fito fari, a ajiye ta. A nemi mai tambarin hukumar SON. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Sai rami. Zurfin da masu aikin suka fi yarda da shi ƙafa 2 ne, watau santimita 60, inda mota za ta riƙa takawa kuwa a ƙara zurfi, a kuma sa wayar cikin bututu. A tsince duwatsu da fasassun kwalabe, a shimfiɗa yashi mai laushi kamar inci 3, a kwantar da waya ba tare da an ɗaure ta tamau ba, a sake rufe ta da yashi, kana a jera bulo a kai. Kamar taƙi ɗaya kafin a kai sama, a shimfiɗa ledar gargaɗi mai launin rawaya, domin wanda zai yi haƙa nan gaba ya gamu da ita kafin ya gamu da wuta. A kauce wa shadda da rijiya da rariya da saiwar itace da bututun ruwa. Abu mafi muhimmanci, kada a yi ƙulli a cikin ƙasa. Waya ta tafi guda ɗaya daga gida har gareji, domin mahaɗin da aka naɗe da salatif ba ya daɗewa kafin ruwa ya shige shi. Inda ta fito daga ƙasa ta hau bango kuma, a sa ta cikin bututu, saboda yara da awaki.

Yanzu mu zo kan abin da ke tsare rai. Mutane da yawa suna zaton fis ko na'urar katse wuta ta cikin akwati tana kare mutum. Alhali kuwa waya take karewa. Na'ura mai amfiya 20 ba ta motsi sai wuta ta zarce haka, amma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya tsayar da zuciya. Shi ya sa ake sa wata na'ura dabam mai jin yoyon wuta, mai lamba 30 miliamfiya, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta komo, in ta ga bambanci ta katse cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci lokaci. A tsakar gidan da mata ke wanke-wanke, yara ke gudu ba takalmi cikin ruwan Agusta, wannan na'ura ta fi fentin gareji muhimmanci.

Haka nan sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓalle. Inda ƙasa take jigawa, kamar yadda take a wurare da dama a wannan yanki, tana bushewa ƙayau da rani, sandar ta rage aiki. Saboda haka kafa ta kawai bai isa ba, sai an auna ta da na'ura, in ta gaza a ƙara tsawo ko a kafa wata.

Akwai kuma batun janareto, wanda sau da yawa a gareji ake ajiye shi. Kada a kuskura a cusa wutarsa ta soket. Dole a sa makunnin sauya layi mai raba wutar kamfani da ta inji, in ba haka ba wutar za ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton an ɗauke. Kada kuma a tayar da shi a rufaffen gareji, musamman in akwai mai kwana a ciki ko a zaure, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kashewa cikin barci.

Wa zai yi aikin? Haƙa rami da jera bulo maigida da samarinsa suna iya yi, su rage kuɗi. Amma jona waya da gwada ta aikin ƙwararre ne. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne maigida ya ce a nuna masa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A gwada wayar tun rami yana buɗe, a ɗauki hotonsa, a zana hanyar da ta bi a takarda a ajiye tare da takardun gida.

Dalili kuwa shi ne waya mai kyau tana iya daɗewa a ƙasa fiye da wanda ya binne ta. Wata rana ɗa zai tashi ƙara ɗaki don zai yi aure, ko magada su zo raba gida, a kira masu haƙa harsashi waɗanda ba su san abin da ke kwance a ƙarƙashinsu ba. A ranar, bulon nan da ledar nan da takardar nan su ne za su yi magana a madadin maigida. Allah ya kiyashe mu, amin.