Yadda Za Mu Shirya Ƙannenmu Don Jarrabawar Baka Ta Shiga Siziyam

 

Da Malam ya ce kowa ya zaɓi maudu'in da zai rubuta a littafinmu na bana, ban daɗe ina tunani ba, don wannan magana sau biyu tana shiga gidanmu. Ta farko a kaina ta faɗa, ta biyu a kan ƙanwata.

Ina da shekara sha uku aka kai ni neman shiga wata kwalejin Faransanci da Larabci mai zaman kanta a nan Damagaram. Jarrabawar rubutu na ci. Sai aka ce saura ta baka. Na shiga ɗaki na iske mutum uku zaune: darakta, da wani ustazu, da wani mushe. Tambayar farko, sunan mahaifina. Wallahi sai bakina ya ƙi buɗuwa, don tunda nake ban taɓa kiran sunan Baba da bakina ba. Suka sake tambaya, na sunkuyar da kai. Da ustazu ya ce ina na tsaya a hadda, sai na ce izu shida, don haka aka ce in faɗa daga gida, alhali huɗu ne suka zauna mini. Ya ja mini baƙi daga Suratul Hashri. Ko aya biyu ban haɗa ba. Da sunaye suka fito babu nawa, Baba kuma ya ce sai dai a jira baɗi. Shekara guda cur na maimaita, shi ya sa abokaina na da suke lise yanzu, ni kuwa sai bana zan zauna BEPC.

Ban ga laifin waɗanda suka tambaye ni ba. Abin da na nuna musu shi suka gani. Amma na ɗauki alkawari ba zan bari a shigar da ƙanwata ɗakin nan yadda aka shigar da ni ba.

Mece ce jarrabawar baka, me ake nema da ita?

Ga iyayenmu da ba su yi lakwal ba, ga yadda tsarin yake. Yaro yana yin shekara shida a firamare, daga CI zuwa CM2. Daga nan sai kwaleji shekara huɗu, ajin farko shi ne siziyam, na ƙarshe a nan ake zama BEPC. Sai lise shekara uku. Haɗa Larabci da Faransanci a makaranta guda ya daɗe a Nijar, don tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a garin Sayi, kuma a Sayin ne Jami'ar Musulunci ta fara aiki a 1986. Saboda haka ɗan madarasa yana da hanya doguwa a gabansa, siziyam ce ƙofarta.

Makarantu masu zaman kansu, in masu nema sun fi gurbi yawa, sukan gwada yara da rubutu, wasu su ƙara da zama da yaro ido da ido. Malaman Larabci suna ce wa zaman muƙabala. Ba ya daɗewa, ƴan mintoci ne. Abu uku suke dubawa: shin abin da ke rubuce a takardun yaron nan yana cikin kansa? Shin in an yi masa magana yana fahimta ya mayar da amsa? Shin yana da natsuwa da ladabi? Wanda ya gane wannan zai san haddace amsoshi a dare ɗaya ba ta da amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni wata biyu na ɗauka da ƙanwata a cikin hutun damina, kullum rabin awa bayan Magariba.

Yaro ya san kansa tukuna

Ku ɗauko takardar haihuwa ku karanta tare da shi. Da yawanmu sunan da ake kiranmu a gida daban, na takarda daban. Ƙanwata sunan kakarmu ta ci, don haka kowa Inna yake ce mata. Ranar da na fara gwada ta na kira sunanta na yanka, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ka ga da a ƙofar ɗakin jarrabawa ne, sai a ce ba ta zo ba.

Ya san cikakken sunansa yadda aka rubuta, da ranar haihuwa da wata da shekara, da unguwarsu, da sana'ar mahaifinsa, da sunan makarantar da ya fito. A duba kuma ko rubutun sunan ya zo daidai a takardar haihuwa da takardun makaranta, don harafi ɗaya yana iya jawo zirga-zirga. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba, akwai wadda kotu ke bayarwa a madadinta, sai a nema da wuri, kada a bari sai ana gobe.

Sai maganar sunan uba. Mu Hausawa muna alkunya, kuma abu ne mai kyau. Amma ni Baba na roƙa ya zaunar da ita da kansa. Ya ce mata, "Uwata, in malamai sun tambaye ki sunana ki faɗa, ni na ba ki izini." Ta rufe fuska da hijabi tana dariya, sai a kwana na uku ta iya faɗa a fili. In izinin ya fito daga bakin uba, nauyin yana sauka.

Kunya da murya

An tarbiyyantar da mu kada mu zura wa babba ido, kada mu ɗaga murya a gabansa. To amma malamin da bai taɓa ganin yaro ba, in ya ga ya yi shiru yana wasa da yatsu, ba zai san kunya ce ko rashin sani ba. Abin da na koya mata: ta yi sallama a bakin ƙofa ta jira a amsa, ta gaishe su, kada ta zauna sai an ce ta zauna. In za ta amsa ta ɗago kai ta fuskanci wanda ya yi tambayar. Ba sai ta ƙura masa ido ba, fuskarta dai ta kasance wajensa.

Muryar kuwa ga dabarar da muka yi. Na zauna a bakin zaure, ita tana gindin bishiyar tsakar gida, in ban ji amsarta ba sai ta sake. Yarinyar da in tana tallan ƙosai ana jin ta daga ƙarshen layi, amma a gaban malami sai ka rantse sauro ne. Cikin mako biyu ta daidaita.

Alƙur'ani, Larabci da fiƙihu

A nan na faɗi, don haka a nan na fi tsanantawa. Don Allah iyaye da yayye, kada a ce wa yaro ya ƙara ko rabin izu a kan abin da ya kiyaye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ustazu da tambaya ɗaya zai gano. Izu biyu masu ƙarfi sun fi shida masu ramuka. Ƙanwata Sabbi da Amma da Ƙul'uhiya ne suka zauna mata, ta taɓa Tabara amma tana tuntuɓe. Muka yanke izu uku za ta ce, in an ƙara tambaya ta ce ta fara na huɗu.

Wajen tilawa kada a riƙa fara mata daga farkon sura kullum. Yara da yawa in ka ɗauko daga kai sai su zuba kamar ruwa, in ka ja daga tsakiya sai su tsaya cak. Malamai kuwa sun san haka, daga tsakiyar suke ja.

Akwai kuma maganar ruwaya. A makarantar allo yawanci da Warshu ake karantarwa, madarasu da dama kuma da Hafsu. A cikin Fatiha kanta akwai kalmar da mai Hafsu ke ja, mai Warshu ba ya ja. Yaron da ya taso tsakanin biyun yakan gauraya bai sani ba. A tambayi malaminsa da wacce ya fi ƙarfi, ya tsaya a kanta, kuma kafin ya fara karatu ya ce, "Malam, da Warshu nake karantawa." Wannan kalma kaɗai tana nuna ya san abin da yake yi.

A Larabci na yi wani kuskure da ya koya mini hankali. Na rubuta mata jimloli biyar na gabatar da kai, irin waɗanda nake faɗa a kaina, ta haddace tas. Da ta karanta wa malaminmu sai ya fashe da dariya, ya ce, "Yaushe kika zama namiji?" Ashe duk siffofin na namiji na rubuta, babu ta'u marbuɗa ko ɗaya, ita kuma ta ɗauka yadda ta gani. Daga ranar na bar ba ta hadda. Sai in yi tambaya ɗaya ta fuska uku, yau in ce ina kike zaune, gobe in ce wace unguwa ce taku, har ta riƙa gane ma'ana tana haɗa amsa da kanta, ko da gajera ce.

Fiƙihu kuma a haɗa da aiki. Farillan alwala bakwai da muke karantawa a Ahalari, wato niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa da gaggautawa, ba lissafa su kaɗai za ta yi ba. Na ba ta buta ta yi alwalar tana faɗin wanne ne farilla wanne ne sunna.

Faransanci da lissafi

Mushe yakan miƙa wa yaro littafi ya karanta layi kaɗan, sannan ya tambaye shi abin da ya fahimta. Saboda haka kullum ta karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ta rufe littafin ta gaya mini labarin, da Hausa tukuna, sannan da Faransancin da ya samu.

Lissafi yana da wani tarko namu na Nijar. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, lakwal kuma da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jikka sefa 1000, wato dala ɗari biyu. Na ce mata kaye uku, kowane dala talatin, an ba da jikka, nawa ne canji? Kafin in rufe baki ta ce dala ɗari da goma. Na sake tambayar da Faransanci, kowane kaye 150, aka ba da 1000, sai ta yi zuru, alhali amsar guda ce, 550. Lissafin yana kanta, juyawar ce ba ta saba ba. Sai muka riƙa wasa da shi: in faɗi kuɗi da dala ta ninka da biyar, in faɗi da sefa ta raba. A kula kuma da ƙirgar Faransanci daga 70 zuwa 99, don su saba'in sittin da goma suke cewa, tamanin ashirin huɗu, casa'in ashirin huɗu da goma. Yara da yawa a nan suke rikicewa.

Ana iya taɓo sanin ƙasa kaɗan. Ya san an samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ya san ranar Jamhuriya 18 ga Disamba, ya san ƙasashe bakwai da muke iyaka da su: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi. Ɗan Damagaram kuma abin kunya ne a ce bai san garinsu ne babban birni kafin a mayar Yamai a 1926 ba.

"Ban sani ba"

Wannan ita ce kalmar da ta fi wuyar koyarwa. Yaro yana ganin in ya faɗe ta ya faɗi. Sai ya yi shiru, ko ya ƙaga amsa. Malamanmu sun sha gaya mana manyan malamai ma, irin su Imamu Malik, an tambaye su sun ce ba su sani ba, bai rage musu daraja ba. Da gangan nake saka mata tambayar da na san ba ta kai ba, har ta saba cewa, "Malam, ba mu kai nan ba." In ba ta ji tambaya da kyau ba kuma ta ce a taimaka a maimaita.

Ana gobe, da safiyar ranar

Sau biyu muka yi gwaji kamar gaske. Na roƙi wani maƙwabcinmu da ba ta saba da shi ba ya zauna a zaure ya tambaye ta, don amsa wa yaya daban, amsa wa baƙo daban. Ana gobe ba mu buɗe littafi ba. Ta wanke hijabinta, ta yanke farce, muka sa takardu da bik biyu a jaka, ta kwanta da wuri. Da safe ta sha koko, muka isa kafin lokaci. Kuma kada a riƙa ce wa yaro a hanya "in ka faɗi ka ja mana abin kunya". Ni an gaya mini, da ita na shiga ɗakin tana yi mini nauyi a ƙirji.

Ban gaya mata ba, amma na ji ana cewa a gida in ba ta samu ba bana, sai ta ci gaba da talla kawai. Shi ya sa da ta shiga ɗakin ni ne hannuna ke rawa a waje. Da ta fito na ce, "Inna, yaya?" Ta ce, "Yaya, an tambaye ni wani abu a nahawu na ce ba mu kai ba. Ustazu ya ce to za ki kai a nan." Bayan kwanaki aka liƙa sunaye, nata yana ciki. Yanzu tana gab da gama siziyam, Tabara ma ta zauna.

Ƴan'uwana ɗalibai, kusan kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa a CM2, iyayenmu da yawa kuma ba su san abin da ke cikin ɗakin nan ba, mu muka sani. Hutu ya kusa. Rabin awa bayan Magariba ba za ta rage mana komai ba. In kuma an yi iyakar ƙoƙari yaro bai samu ba, a rarrashe shi a sake shiri, ga ni nan na maimaita shekara kuma ban bar karatu ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, malamaina su gyara mini.