Allon Yabo a Bangon Asibiti: Wa Ya Auna, Me Ya Auna?

Duk wanda ya taɓa shirin fitar da mara lafiya waje ya san takardun tallan da dillalan asibitocin Indiya, Masar da Dubai ke turowa ta WhatsApp. Ga hoton gini yana ƙyalli, ga tambura a jere, wannan na "asibiti mafi inganci", wancan na "taurari biyar". A gida ma abin ya samu shiga, don ba a daɗewa sai an ga shugaban wani asibiti a jarida ya rungume allon yabo a ɗakin taron otal. Daga nan sai gardama ta kaure. Wasu su ce tunda an ba su lamba magana ta ƙare, wasu su ce ai duk saye ake yi. Kowane ɓangare ya hutar da kansa tambayar da ta fi muhimmanci: me aka auna kafin a ba da lambar?

Amurka ce kasuwar wannan harka. Mujallar U.S. News & World Report ta fara jera asibitoci a 1990, ƙungiyar Leapfrog tana ba su maki daga A zuwa F, hukumar gwamnati ta CMS kuma ta fara raba taurari ɗaya zuwa biyar a 2016. A 2015 mujallar Health Affairs ta buga wani bincike da ya kwatanta manyan masu jera asibitoci huɗu na ƙasar. Babu asibiti ko guda da dukkan huɗun suka yarda yana sahun gaba. Cikin asibitoci 844 da aƙalla ɗaya daga cikinsu ya yaba, kashi 10 cikin 100 ne kawai suka samu yabon wani na biyu. Ba wai ƙarya suke yi ba, kowa da abin da ya sa a sikelinsa. Leapfrog ta fi damuwa da kurakurai da cututtukan da mutum ke kwasa yana kwance a gadon asibiti, U.S. News kuma ta fi duba ayyuka masu wuya, har da ra'ayin likitoci kan wanda ya yi suna. Don haka asibitin da ya ciri tuta a tiyatar zuciya yana iya zama ba yabo ba fallasa a ɗakin haihuwa. Tambarin da kake gani a talla kuwa, sau da yawa sai asibitin ya biya kuɗi kafin a ba shi izinin manna shi.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na ƙirgen gawa. "Asibitin nan mutuwa ake yi, kada ka kai shi," in ji mutane, alhali can ne ake tura duk wanda ya gagari ƙananan asibitoci, wani ma ya iso rai a hannun Allah bayan an gama yawo da shi wurin masu magani. Ɗauki makarantu biyu. Ɗaya tana tace ɗalibai, sai haziƙai take ɗauka, wanda ya yi rauni kuma ta hana shi zana jarrabawa da sunanta. Ɗayar kowa ya zo nata ne. In sakamako ya fito ta farkon za ta sha tafi, amma wace ce ta fi iya koyarwa? Shi ya sa masu awo na gaskiya ke lissafa shekarun majinyaci, tsananin ciwonsa da sauran cututtukan da ya zo da su, su fitar da adadin mutuwar da ake tsammani, sannan su gwada shi da wanda ya auku. Ko wannan ma yana da tasa illar. Da jihar New York ta fara bayyana sakamakon likitocin tiyatar zuciya a farkon shekarun 1990, wasu likitocin sun amsa cewa sun riƙa kauce wa majinyatan da ciwonsu ya yi tsanani, don kada su ɓata musu alƙaluma.

Akwai kuma labarin asibitin Stafford a Ingila, asibitin yanki ne na gwamnati. A 2008 hukumar da ke tafiyar da shi ta samu matsayi na musamman da ake ba waɗanda aka amince sun iya riƙe kansu. Shekara guda bayan nan, a 2009, rahoton masu sa ido ya tona asiri: masu karɓar baƙi ne ke tantance majinyata a sashen gaggawa, ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci, ana barin tsofaffi cikin ƙazantarsu. Alƙaluman mutuwa sun riga sun nuna alama, amma shugabannin suka ɗora laifin a kan yadda ake cika takardu. Hankalinsu yana kan daidaita kasafin kuɗi, domin shi aka fi dubawa wajen ba da matsayin. Binciken da Robert Francis ya jagoranta kan wannan badaƙala ya fito da shawarwari 290 a 2013.

Su dai can suna da alƙaluman da za a yi gardama a kansu. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci mallakar takardar shaidar cika ƙa'ida. Mai karatu ya tuna ko ya taɓa ganin ta a rataye kusa da hoton gwamna. Asibitin da ke son a auna shi da gaske yana da hanya: akwai tsarin SafeCare mai matakai biyar, akwai kuma tantancewar JCI ta ƙasa da ƙasa, inda masu duba ke zuwa da ƙafarsu su bi fayil ɗin majinyaci daga ƙofar shiga har sallama. Ita shaidar JCI wa'adin shekara uku gare ta, kuma sunayen asibitocin da ke riƙe da ita suna nan a shafin hukumar na intanet, kowa na iya dubawa kafin ya tura wa dillali ko sisi.