Darajar Mai Bugu a Ƙungiyar Ƙwallon Amurka

Akwai wani wasa a ƙasar Amurka wanda mutanen can su ke kira ƙwallon ƙafa, amma in ɗan ƙasarmu ya tsaya kallonsa zai rantse ba shi ba ne. Ƙwallon ba kewayayye ba ne kamar na tamaula, dogo ne mai tsini biyu kamar ƙwallon goriba da aka ja. Galibin wasan da hannu a ke yinsa, a ruga da ƙwallo a rungume, ko a jefa wa ɗan'uwa, abokan gaba kuwa su yi ta ƙoƙarin kā da mai ɗauke da shi. A cikin mutum 53 da ko wace babbar ƙungiya ta ke ajiyewa, biyu kaɗai ne aikinsu ya zama sa ƙafa ga ƙwallo. Ɗaya shi ne mai korar ƙwallo nesa in an rasa yadda za a yi, ɗayan kuwa shi ne mai bugawa tsakanin sanduna don a sami maki. A kan wannan na biyun mu ke so mu yi magana yau, gama batunsa batun lissafi ne da kasafin kuɗi, abin da malamai da akawuna ba baƙonsu ba ne.

Bari mu fara gyara hanya tukuna. Filin wasan yadi 100 ne, da ƙarin yadi goma goma a ko wane ƙarshe. Mutum goma sha ɗaya ke tsayawa a ko wane gefe. Waɗanda ƙwallo ke hannunsu a kan ba su dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu, in sun kāsa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki shida, sa'an nan a ba mai bugu dama ya ƙara ɗaya. In kuwa tafiya ta cije kafin a kai ƙarshe, sai a kira mai bugu ya gwada daga inda aka tsaya. In ƙwallo ya bi ta bisa sandar gicciye, wadda tsawonta daga ƙasa ƙafa goma ne, ya kuma ratsa tsakanin sanduna biyu na tsaye da ke da ratar ƙafa 18 da inci shida, an sami maki uku.

Babbar hukumar wasan, wadda a ke kira NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Tun 1994 ta ɗora musu wata doka, watau akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta duka a shekara, mai arziki da matalauci ɗaya. A 2024 iyakar ta kai dala miliyan 255 da 'yan kai. Ban da wannan kuma, ko wace shekara a kan zauna a raba samarin da su ka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi shan kāshi bara ita ke fara zaɓe. To, ka ga ke nan shugaban ƙungiya abu biyu ke gare shi na kashewa, kuɗi da kuri'un zaɓe, ko wannensu kuwa a ƙidaye ya ke. Abin da ya ba wannan, ya hana wancan ne. Duk akawun da ya taɓa zama kan kimanin kuɗin shekara ya san irin wannan ciwon kai.

Yaya a ke raba kuɗin? Kaso mafi tsoka na madugu ne, watau mai karɓar ƙwallo ya jefa, wanda dukan dabara ta ke bi ta hannunsa. A 2024 ƙungiyar Dallas Cowboys ta yi yarjejeniya da madugunta Dak Prescott a kan dala miliyan 60 a shekara. A cikin shekarar nan kuma Kansas City Chiefs ta ba mai bugunta Harrison Butker abin da ya kama dala miliyan shida da 'yan kai a shekara, a lokacin kuwa babu mai bugun da ya kai shi albashi. Watau gwanin gwanayen bugu wajen ushirin abin da madugu ke samu ya ke karɓa. Bayan madugu sai ƙartin da ke tsare shi, da masu farautarsa daga wancan gefe, da masu tsere su cafe ƙwallo. Mai bugu yana can kusa da gindin takarda.

Abin mamaki shi ne, in an buɗe littafin maki na ƙungiya a ƙarshen shekara, sau da yawa sunan mai bugu ne a bisa. Wanda ya fi kowa tara maki a tarihin hukumar, Adam Vinatieri, mai bugu ne, maki 2,673. To, me ya sa a ke biyansa kaɗan haka?

Amsar tana cikin lissafi, kuma mun ga ya kamata mu daɗe a kanta kaɗan. Mai bugu ya kan sami kamar dama talatin zuwa talatin da biyar na maki uku a shekara. A ce ga mutum biyu, ko wanne ya buga talatin. Na fari gwani ne, yana cin tara cikin goma, ya sami 27. Na biyu matsakaici ne, yana cin takwas cikin goma, ya sami 24. Bambancinsu bugu uku ke nan, maki tara, a cikin wasanni goma sha bakwai na shekara. Ba a auna darajar ma'aikaci da yawan abin da ya bi ta hannunsa, sai da ratar da ke tsakaninsa da wanda za a iya samu a madadinsa gobe da safe. Makin nan masu yawa da a ke rubutawa da sunan mai bugu, sauran 'yan wasa ne su ka turo ƙwallo har ya zo kusa, galibinsu kuwa ko wane mai bugu na kirki zai ci su. Madugu ba haka ya ke ba. In gwani ya karye aka sa na bayansa, ƙungiya ta kan rushe gaba ɗaya.

Akwai kuma wata wahala ta biyu. Bugu talatin bai isa a yanke wa mutum hukunci ba, kamar yadda malami ba ya sanin ƙwazon yaro da tambaya uku. Wanda ya ci 28 bana ya kan ci 24 baɗi, alhali ƙafarsa ba ta sāke ba. Kuma ba dukan bugu ne ɗaya ba. Mai bugawa a fili mai rufi, inda babu iska, ba a haɗa shi da mai bugawa a Buffalo ko Shikago cikin hunturu. A birnin Denba, wanda ke kan tudu, iska ba ta da kauri, ƙwallo ya kan yi nisa, a can ne ma Matt Prater ya buga na yadi 64 a 2013. Sa'an nan aikin na mutum uku ne. Ɗaya ya wurgo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa yadi bakwai ko takwas, na biyu ya cafe ya kafa shi a ƙasa ya juya ɗinkin gaba, na uku ya buga, duka cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. In na fari ya yi sake, sunan na uku ne za a zaga a jarida.

A dā ma ba a ware mutum musamman don wannan aiki ba. Lou Groza na Cleveland Browns, wanda ya fara a 1946, ƙato ne mai tsaron gaba, bugu ƙari ne a kan aikinsa, kuma da kan yatsun ƙafa ya ke yi, ya taho wa ƙwallo sak. Wanda ya sāke al'amarin wani ɗan gudun hijira ne, Pete Gogolak, wanda iyayensa su ka baro ƙasar Hangare bayan tawayen 1956. Shi tamaula ya sani tun yana yaro, sabo da haka sai ya riƙa zuwa wa ƙwallo a karkace yana bugu da bayan ƙafa. Buffalo Bills ta ɗauke shi a 1964. Da New York Giants ta janye shi a 1966, daga wata hukuma zuwa kishiyarta, rigimar da ta tashi tana cikin abubuwan da su ka gaggauta yarjejeniyar haɗe hukumomin biyu a wannan shekara. Bayansa sai ga Jan Stenerud ɗan Norwe, da Morten Andersen ɗan Denmak, har bugu da yatsu ya mutu. A zamanin Groza in an ci rabin abin da aka buga, ko fiye da rabi kaɗan, ba a ƙorafi. Yanzu jimlar masu bugu suna cin fiye da tamanin cikin ɗari. Wannan ƙwarewa ta kowa da kowa ita ce ta karya musu farashi, gama abin da ya yi yawa a kasuwa ba ya tsada.

Duk da haka a kan sami shugaban da zai rufe ido ya kashe babbar kuri'a a kan mai bugu. A 2016 Tampa Bay Buccaneers ta ba da kuri'u biyu don ta hau gaba ta ɗauki Roberto Aguayo a zagaye na biyu, yaron da ya yi suna ƙwarai a jami'a. A shekararsa ta fari ya ci 22 cikin 31, kafin a fara wasannin 2017 an sallame shi. Justin Tucker kuwa babu wanda ya zaɓe shi a zagaye bakwai ɗin nan na 2012, Baltimore Ravens ta ɗauke shi a bagas, shi ne kuma ya buga na yadi 66 a 2021, wanda a ranar babu wanda ya taɓa yin mai nisansa. A ganinmu wannan ya isa hujja, cewa kuri'ar zagayen fari ko na biyu ba ta mai bugu ba ce, tun da masu zaɓen kansu ba su iya gane gwani tun yana jami'a.

Amma kada mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare nan. Lissafin maki tara da mu ka yi yana da rauni guda, watau ya ɗauki ko wane maki daidai da ɗan'uwansa, alhali kuwa ba haka ba ne. Ran 27 ga Janairu 1991, a wasan ƙarshe na cin kofi da a ke kira Super Bowl, Giants tana da 20, Buffalo tana da 19, saura daƙiƙa takwas. Scott Norwood ya buga daga yadi 47, ƙwallo ya kauce dama da sanda. Buffalo ta sāke zuwa wasan ƙarshe sau uku a jere bayan wannan, ba ta ci ko ɗaya ba.

Labarin New England Patriots shi ya fi nuna fuska biyu na al'amarin. A zaɓen shekara ta 2000 ƙungiyar Oakland Raiders ta ɗauki mai bugu, Sebastian Janikowski haifaffen ƙasar Folan, a matsayi na 17 cikin zagayen fari. A wannan zama kuma Patriots ta ɗauki wani madugu da ba a kula da shi ba, Tom Brady, a matsayi na 199. Mai bugunta kuwa Vinatieri ne, wanda ta samu a 1996 ba tare da kashe kuri'a ba. Ƙungiyoyin nan biyu su ka haɗu ran 19 ga Janairu 2002 cikin dusar ƙanƙara, wanda ya fāɗi ya fita daga neman kofi. Raiders tana gaba da maki uku, lokaci ya kusa cika, Vinatieri ya buga daga yadi 45, ƙwallo ya tafi ƙasa ƙasa cikin farin hazo, ya tsallake sanda da ƙyar. Aka ƙara lokaci, ya sāke bugawa, aka tashi 16 da 13. Makonni biyu bayan haka ya buga na yadi 48 a daƙiƙar ƙarshe, Patriots ta ci kofinta na fari a kan St. Louis Rams, 20 da 17. A Fabrairu 2004 ya ɓarar da bugu biyu a farkon wasa da Carolina Panthers, sa'an nan ya ci na yadi 41 a ƙarshe, aka tashi 32 da 29. Kofi na uku, a 2005, shi ma da ratar maki uku aka ɗauke shi. Janikowski kuma, don a yi masa adalci, bai zama asara ba, ya zauna da Raiders shekara goma sha takwas, ya fi kowa tara mata maki. Sai dai abin da aka saya da kuri'a ta 17, maƙwabta sun sami irinsa kyauta.

To, a ce kai ne mai riƙe da littafin kuɗin Patriots a 2006, yarjejeniyar mutumin nan ta ƙare, shekarunsa 33, wata ƙungiya kuma ta taya shi da tsada. Za ka ƙara masa ko za ka sake shi? Bill Belichick, mai koyar da 'yan wasan, sakinsa ya yi. Ya ɗauki wani yaro, Stephen Gostkowski, a zagaye na huɗu da ɗan ƙaramin albashi, ya juya rarar kuɗin wani wuri. Mutanen Boston su ka yi ta gunaguni. Vinatieri ya koma Indianapolis Colts, a shekararsa ta fari can ya ci bugu biyar a wasa guda da Baltimore, duk makin da ƙungiyarsa ta samu ran nan nasa ne, 15 da 6, su ka wuce har su ka ɗauki kofi a Fabrairu 2007. Ya ci gaba da wasa har 2019, yana da shekara 46. Gostkowski kuwa ya zauna da Patriots har 2019 shi ma, aka ci kofi uku da shi, ya kuma wuce Vinatieri a yawan makin da aka taɓa ci wa ƙungiyar.

Mu dai in an tambaye mu, mun fi karkata ga Belichick, ko da ya ke ba mu ce Colts ta yi wauta ba. Ita a shekarar nan ƙungiya ce da ta riga ta cika, madugunta Peyton Manning yana kan ganiyarsa, abin da ya rage mata shi ne mutumin da hannunsa ba ya rawa a wasan fitar da gwani, gama a Janairu 2006 mai bugunta na dā ya ɓarar da na yadi 46 a ƙarshen wasa da Pittsburgh Steelers, aka fitar da su. Ga irin wannan ƙungiya maki uku suna da tsada. Ƙungiyar da a ke lallasawa da ratar maki ashirin ko wane mako kuwa, ko ta sami mai bugun da ba ya kuskure, ba zai cece ta ba, gara ta kai kuɗinta wajen ƙartin gaba.

Hukumar ma ta lura aikin ya yi sauƙi. A 1974 ta mai da sanduna baya da yadi goma, a 2015 kuma ta ja bugun maki ɗaya daga yadi 20 zuwa yadi 33, don kusan ba a kuskurensa. Tun daga sa'an nan a kan ga an ɓarar da shi jefi jefi, masu riƙe da littafin kuɗi kuma su ka sami sabon layi da za su duba kafin su sa hannu a takardar mai bugu.