Wasan macijin Nokia ya dawo, amma tsofaffin 'yan wasa na cewa ba shi ba ne

A Unguwar Shanu da ke Kaduna, duk wanda ya haura shekara talatin zai iya tuna lokacin da ake karɓa-karɓar wayar Nokia guda ɗaya a majalisa, ba don kira ba, sai don a buga wasan maciji. Wanda ya fi kowa maki shi ne gwani, har sai an samu wanda ya goge masa tarihi.

Wani injiniya ɗan ƙasar Finland mai suna Taneli Armanto ne ya tsara wasan Snake a wayar Nokia 6110 a 1997, ko da yake tushensa ya koma ga wani wasa mai suna Blockade na 1976. Wanda 'yan Najeriya suka fi sani shi ne Snake II, da ya zo a Nokia 3310 ta shekarar 2000, shekara guda kafin layukan GSM su fara aiki a ƙasar. Sai kuma Nokia 1100 mai tocila, wadda ta karɓu matuƙa: a 2005 kamfanin ya sanar da cewa wayarsa ta cikon biliyan ɗaya ƙirar 1100 ce, kuma a Najeriya aka saye ta.

Dokar wasan ba ta da yawa. Maciji na tafiya ba tsayawa, kana juya shi da lambobi 2 da 4 da 6 da 8, yana cin abinci yana ƙara tsawo, idan ya ciji jikinsa wasa ya ƙare. Daɗin yana nan ne: nasararka ita ce ke zama tarkonka, domin duk lomar da ka ci tana rage maka fili. Babu buƙatar data, babu talla, kuma batirin kan yi kwanaki ko da an ɗauke wuta.

A watan Fabrairun 2017 kamfanin HMD Global, mai lasisin amfani da sunan Nokia, ya fito da sabuwar 3310 a birnin Barcelona a kan Yuro 49, ɗauke da sabon Snake da kamfanin Gameloft ya tsara. An sa masa launi, an yi wa macijin kwalliya, an sauya yadda yake juyawa. Da yawa daga tsofaffin 'yan wasa ba su gamsu ba, kuma suna da hujja. Tsohon maciji kwana yake yi a kan layi, gida-gida, mutum na iya lissafa motsinsa kamar mai buga dara. Da aka sassauta wannan, sai lissafin ya ragu. A 2024 HMD ya sake gwadawa da sabuwar Nokia 3210.

Matsalar ta fi girma a manyan wayoyi. Shi kansa Armanto ya sa hannu a Snake Rewind na 2015, amma shafa gilashi ba ya ba yatsa tabbacin da madanni ke bayarwa, kuma kuskuren rabin daƙiƙa ya isa ya kashe maciji. Wanda ya yi fice shi ne Slither.io na 2016, inda ake karawa da mutane daga ko'ina a duniya, sai dai wannan karawar tana buƙatar intanet mai ƙarfi.

A nan ne aljihu ke shigowa. Yawancin kwaikwayon da ke Play Store kyauta ake sauke su, amma da talla suke samun kuɗi, kuma tallar bidiyo datar mai waya take ci. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, uban da ya miƙa wa ɗansa waya ya yi wasa yana iya tarar da datarsa ta yi ƙasa ba tare da ya kalli komai ba. Wasu kan kashe data kafin su buɗe wasan, dabarar da ke aiki a wasu manhajojin kawai.

Masu tsara wasanni a Najeriya ma sun shiga harkar sabunta tsoffin wasanni. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya mayar da katin Whot zuwa waya da sunan Whot King. Matashin Unguwar Shanu da ke koyon rubuta manhaja kuwa, maciji na cikin ayyukan farko da ake ba ɗalibai, kuma ana iya kammala shi da ƙaramar kwamfuta cikin 'yan kwanaki.