Sabon mai horo, tsohon bashi: yadda Berube ya soma da Toronto

Mu da muka saba da zafin watan Afrilu, wasa a kan ƙanƙara sai mu ji kamar tatsuniya. Amma a ƙasar Kanada wasan hoki shi ne kokawarsu, shi ne ƙwallon ƙafarsu. Mutum shida-shida ake shiga fili har da mai tsaron gida, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, da sanda mai lanƙwasa a hannu, ana korar wani ɗan faifan roba zuwa raga. Zagaye uku ake yi, kowane minti 20.

Ƙungiyar Maple Leafs ta birnin Toronto tana cikin masu kuɗi da yawan magoya baya, amma rabonta da Kofin Stanley tun 1967. A watan Mayu na 2024, bayan Boston ta fitar da ita tun zagayen farko, sai masu ƙungiyar suka sallami mai horo Sheldon Keefe, suka ɗauko Craig Berube. Shi wannan ya taɓa cin kofin da St. Louis a 2019. A zamanin da yake wasa kuwa ɗan faɗa ne na gaske: horon zaman benci da alƙalai suka yi masa ya haura minti 3,000. Watau dai mai zafin hannu aka nema don ya ladabtar da ƴan gata.

Kafin a buɗe kaka ana yin wasannin gwaji, waɗanda makinsu ba ya shiga lissafi. Toronto ta yi shida a Satumba da farkon Oktoba na 2024. Ottawa ta doke ta sau biyu a jere, sannan ta farfaɗo ta ci Montreal sau biyu, ta ci Detroit sau biyu. Berube ya gwada William Nylander a tsakiyar ƴan gaba maimakon gefe inda ya saba, abin bai ɗore ba, aka mai da shi wurinsa.

To ku ƴan kasuwa kun san ɗanɗanon da ake ba mai saye ba shi ne ciniki ba, amma ga yaron da ake gwadawa a rumfa, ranar nan ce ranarsa. Mutum 23 kaɗai ƙungiya take iya riƙewa idan kaka ta soma, sauran a tura su ƙananan ƙungiyoyi ko a ce su nemi gaba. Max Pacioretty, tsohon kyaftin na Montreal, yana da shekara 35, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke har sau biyu, ya zo Toronto ba kwantaragi, gwaji kawai. Da shi da Steven Lorentz duka sun samu shiga na shekara guda. Nick Robertson, wanda ya nemi a sayar da shi a wannan bazarar, ya zuba biyar a raga cikin wasannin gwajin.

Akwai kuma wanda gwajin ya ci. Ran 28 ga Satumba a Montreal, Cédric Paré na Toronto ya yi karo gwiwa da gwiwa da Patrik Laine, sabon ɗan wasan da Montreal ta ɗora wa buri tun bai buga mata wasan kaka ko ɗaya ba. Laine bai dawo fili ba sai watan Disamba. A wannan daren matashi David Reinbacher shi ma ya ji rauni a gwiwa har aka yi masa aiki. A ganinmu, asarar watanni saboda wasan da ba ya da maki abu ne da ya kamata shugabannin gasar NHL su duba, sai dai tikitin waɗannan wasanni ma kuɗi ne, kuma ba mu ga mai son barin kuɗi ba.

Da aka shiga kakar mai wasa 82, Toronto ta zo ta ɗaya a rukuninta da maki 108, ta fitar da Ottawa ɗin nan da ta doke ta a gwaji. Sai Florida ta tare ta a zagaye na biyu. A wasa na bakwai, ran 18 ga Mayu na 2025, a gidan Toronto, aka tashi 6 da 1, magoya baya suna ihu suna jefa rigunan ƙungiyar a kan ƙanƙara. Florida ce ta ɗauki kofin, kuma kafin wata biyu Mitch Marner, ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan Toronto, ya tattara ya koma Vegas.