Sabunta Ƙa'idojin Gina Hanyoyin Keke a Ingila

Gabatarwa

Duk injiniyan da zai zana titi, kundin ƙa'idoji yake bi. In kuwa kundin ya gaza, mahayin keke shi ne farkon wanda abin zai shafa, domin ba shi da ƙarfen da zai kāre jikinsa kamar mai mota. Wannan maƙala za ta dubi yadda Ingila ta sabunta nata kundin, da dalilan yin haka.

Tushen Gyaran

Kundin da aka fitar a 2008, watau LTN 2/08, ya bar wa ƙananan hukumomi damar su ja layin fenti a gefen kwalta su kira shi hanyar keke, ko kuma su haɗa mahaya da masu tafiya ƙasa a turba ɗaya. Fenti kuwa ba ya tare babbar mota. Saboda haka mutane da yawa, musamman yara da tsofaffi, suka ƙaurace wa hawan keke don tsoro.

A Yulin 2020 Ma'aikatar Sufuri ta Birtaniya ta ga tilas ta fitar da sabon kundi, LTN 1/20. Ta ɗauko ginshiƙansa biyar daga Holan: hanya ta kasance a haɗe ba yankewa, miƙaƙƙiya, marar haɗari, mai daɗin bi, kana mai jan hankali.

Abin da Kundin ya Ƙunsa

Da farko, an ɗauki keke a matsayin abin hawa mai cin gashin kansa, don haka a cikin gari sai a raba shi da masu tafiya ƙasa. Na biyu, inda motoci suka yi yawa ko suke gudu, dole a sa dakali ko wani shinge tsakaninsu da kekuna. Cuɗanya ta dace ne kawai a titin da gudunsa bai wuce mil 20 cikin awa ba, motocinsa kuma kaɗan ne. Na uku, an so faɗin hanya mai falle ɗaya ya kai mita 2, mai zuwa da dawowa kuwa mita 3, yadda keken naƙasassu da na dakon kaya za su wuce ba takura. Har ila yau an mai da hankali ga mararraba da shataletale, domin nan ne hatsari ya fi aukuwa.

Kammalawa

Doka ba mai tsaronta, rubutu ce kawai. Don haka gwamnati ta ɗaura ba da kuɗin aiki a kan bin kundin, sa'an nan a 2022 ta kafa hukumar Active Travel England domin ta riƙa duba zanen hanyoyin da ingancinsu. Ma'aunin da kundin ya kafa shi ne hanyar ta yi wa kowa, daga ɗan shekara 8 har ɗan shekara 80.