Shafewar ƙeyar jariri: yaushe ake fara gyara?

Ran suna, in wanzami ya gama aske jariri, kowa sai ya leƙo ya ga kan. Wata ta ce kan ubansa ya ɗauko, wata ta ce a'a, na kakansa ne. In kan ya yi tsini ko ya karkace, sai hankalin mai jego ya tashi, balle in haihuwar fari ce. To, karkacewar ran suna ba abin damuwa ba ce. Hanyar haihuwa ce ta matse kan, kuma yawanci kafin sati 6 ya koma daidai don kansa.

Wadda ta kamata a sa wa ido ita ce mai zuwa daga baya, sannu sannu, bayan an gama wankan jego kowa ya koma harkarsa. Yaro na da wata 2 ko 3, sai a ga ƙeyarsa ta shafe, ko duka ko gefe guda, gashin wurin ma ya goge. Nan ne gardama ke tashi a gida. Wasu su ce a danna da ruwan zafi. Wasu su ce a bar shi, in ya girma hula ta rufe. Duka biyun ba su dace ba. Akwai gyara, ba ya cin ko dala, amma yana da lokacinsa.

KAN JARIRI KAMAR ƊANYEN DUMA NE

Duk manomin da ya taɓa shuka duma ya san wannan. Duman da ya girma kwance bisa ƙasa, ba wanda ya juya shi, gefen da ya kwanta sai ya baje. In an fafe shi, ƙwaryar karkatacciya za ta fito. Amma in ana juya shi tun yana ɗanye, sai ya fito kewayayye. In ya riga ya bushe kuwa, ba juyin da zai gyara shi.

Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne. Ƙasusuwa ne masu taushi, an jera su kusa da juna, ba su haɗe ba tukuna. Allah ya yi shi haka don kan ya iya wucewa wajen haihuwa, kuma don ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma. Maɗiga, wurin nan mai motsi a tsakar kai, ita ce inda ƙasusuwan ba su gamu ba. Yawanci tana rufewa tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, wani yaron har kusan shekara 2.

Kan yana girma da sauri ƙwarai. Ran haihuwa, in an kewaya shi da igiyar awo, ana samun santimetir 34 ko 35. Ran da yaro ya cika shekara, ya kai wajen 46. Rabin wannan ƙari cikin wata 3 na farko ake yin sa. Daga nan sai girman ya riƙa ja da baya. To, wannan girma shi ne mai ɓatawa, shi ne kuma mai gyarawa. Wurin da kullum yake danne bisa tabarma ba ya samun fili, sai kan ya girma ta inda ba a danne ba. In aka ɗauke nauyi daga wurin da ya shafe, girman da ya rage sai ya cike shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu guda da zai kwantar da hankalin iyaye: shafewar da kwanciya ta kawo ba ta matse ƙwaƙwalwa. Kamannin kai ne ke canzawa. Amma in ta yi yawa, goshi da kunnuwa da fuska su ma suna karkacewa, kuma yaro na iya girma da abinsa.

WANE YARO TA FI KAMAWA?

Ɗan fari, da tagwaye, don wuri ya yi musu kaɗan tun a ciki. Sai bakwaini, don ƙashinsa ya fi taushi kuma ya fi daɗewa kwance. Sai yaron da ke yini a shimfiɗa don uwa na fama da aiki ita kaɗai, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga gona, ba mai karɓar mata. Ba laifinta ba ne. Laifin gidan ne da ya bar mata kome.

Akwai kuma yaron da jijiyar wuyansa ta gefe guda ta ɗaure tun haihuwa. Irin wannan yaro kullum gefe guda yake kallo. Ko an juya masa kai, sai ya maida shi inda ya saba. Nono ma guda yake son kamawa, ɗayan sai da rigima. Wani lokaci, yana da sati 2 zuwa 4, in an shafa wuyan sai a ji ɗan kulluto mai tauri kamar ƙwallon dabino. Wannan kulluto ba ƙurji ba ne. Kada a kai shi wurin wanzami a tsaga, kada a sa masa wuta. A kai shi gidan likita, su nuna yadda ake miƙe wuyan a hankali. In an fara kafin wata 3, mafi yawan yara suna warkewa sarai. In an daɗe, aikin sai ya yi tsawo.

YADDA AKE DUBAWA

Ta fuska ba a gani sosai. Bayan wanka, gashi na jiƙe, uwa ta aza yaron bisa cinyarta, ta dubi kan daga bisa, kamar mai duba cikin ƙwarya. In ƙeya ta shafe ta dama, za ta ga kunnen dama ya matsa gaba, goshin dama shi ma ya ɗan turo. In duka ƙeyar ce ta shafe, kan sai ya yi faɗi ta wajen kunnuwa. Ta sa yatsa ɗaya a kowane kunne, ta duba ko suna daidai da juna. Ta kuma kaɗa wani abu mai ƙara ta dama, ta kaɗa ta hagu, ta ga ko yaron na juyowa duka biyun.

Don kada a manta, a haɗa wannan dubawa da ranakun shaushawa, wato allurar rigakafi: sati 6, sati 10, sati 14. Tun da dai an zo awo, sai a roƙi malamar asibiti ta auna kan, ta rubuta cikin takardar yaron.

GYARAN DA KE HANNUN KOWA

Na farko shi ne goyo. A nan iyayenmu mata sun riga likitoci. Yaron da ke bayan uwarsa, ƙeyarsa ba ta danne da kome, kuma wuyansa na koyon ƙarfi. Abin lura guda ne: in an goya ƙaramin jariri, kuncinsa na kwanciya bisa bayan uwa. Yau a juya fuskarsa dama, in an sake goyo a juya ta hagu. A kuma tabbata zane bai rufe masa hanci ba. Goyo ba na uwa kaɗai ba ne. Kaka, da gwaggo, da yayar da ta yi wayo, duk suna iya karɓa. Maigida ma in ya dawo daga gona ko kiwo, ya ɗauki ɗansa ya aza bisa kafaɗa, ba abin da zai ragu gare shi.

Na biyu, juya shimfiɗa. Jariri na son kallon haske da motsi. In ƙofar ɗaki tana damansa, dama zai yi ta kallo har ƙeyar dama ta shafe. Sai a riƙa sauya masa: yau kansa gabas, gobe yamma. Uwa ma ta sauya gefen da take kwanciya. In ƙeyar ta riga ta shafe, a shirya kwanciyar yadda ƙofa da mutane za su kasance ta gefen da ba ya son kallo, dole ya juya. Wajen shayarwa a ba shi nono duka biyun.

Na uku, rub da ciki, amma ido biyu. In yaro ya farka, ba nan take bayan ya sha nono ba, a kifa shi bisa ƙirjin uwa, ko bisa cinyarta, ko bisa tabarma mai tsabta. Zai yi ta ƙoƙarin ɗaga kai, nan wuyansa ke ƙarfi. Ana farawa tun satin farko da minti 2 ko 3, sau 2 ko 3 a yini, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 na rub da ciki a yini, a rarrabe. Babba ya zauna kusa, don gidanmu akwai murhu, akwai kaji da awaki. Da ya yi barci a birkito shi.

Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi. Barci dai rigingine ake yin sa, cikin sange, ba matashi, ba tarin tsummoki kusa da fuska. A Amurka, da can ana kifa jarirai su yi barci, kuma da yawa suna mutuwa cikin barci ba a san dalili ba. A 1992 likitocin yara na can suka ce a riƙa kwantar da su rigingine, a 1994 aka yi babban gangami a kan haka. Irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Shafewar ƙeya kuwa ta ƙaru. Likitocin ba su janye maganarsu ba, kuma sun yi daidai. Ƙeya ana gyara ta, rai ba a maido shi.

TO, DANNA KAI FA?

Kakanni da ungozomai sun saba, wajen wankan jariri su jiƙa tsumma da ruwan zafi su riƙa danna kai suna mulmulawa. Suna yi da kyakkyawar niyya, kuma suna ganin kan ya gyaru. Gaskiyar magana, kan ran suna ko ba a taɓa shi ba zai gyaru. Dannawar minti kaɗan ba ta rinjayar kwanciyar awa 15 ko fiye da jariri ke yi kullum. Shafawa a hankali da ruwa mai ɗumi ba laifi. Amma dannawa da ƙarfi, da ruwan da ke ƙona fata, da ɗaure kai tamau da ƙyalle, da taɓa maɗiga, waɗannan a bar su. Hannun kaka ya fi amfani in ta karɓi jikanta ta goya.

LOKACI

Rigakafi daga ranar haihuwa ake fara shi. Gyara kuwa ranar da aka gani, ba a jiran arba'in, ba a jiran kaka ta wuce. Daga haihuwa zuwa wata 4 shi ne lokaci mafi kyau, don kan na da taushi kuma yaro na zama inda aka ajiye shi. Wajen wata 4 ne shafewar ta fi fitowa fili. Bayan nan yaro ya fara birkita da kansa, wajen wata 6 ya fara zama, nauyi ya sauka daga ƙeya, yawancin yara sai su yi ta gyaruwa har shekara 2. In an yi wata 2 ana juyi da goyo ba a ga sauƙi ba, ko yaro ya kai wata 4 abin na ƙaruwa, a koma gidan likita.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata hular roba mai tauri da ake yi daidai kan yaro, a bar fili wurin da ya shafe. Ana sa ta yawanci tsakanin wata 4 da wata 6, yaro ya yini ya kwana da ita awa 23 cikin 24, watanni da dama. Bayan shekara 1 ba ta cika yin amfani ba. Tana da tsada, tana sa zufa da ƙuraje. A ƙasar Holan an gwada ta, aka bayyana sakamako a 2014: yara 84, rabi da hula, rabi babu. Da suka cika shekara 2, ba a ga bambancin kirki tsakaninsu ba. Waɗanda kansu ya karkace ƙwarai ba a sa su cikin gwajin ba, su maganarsu sai likita. Amma talakan da ba shi da kuɗin hula kada ya ga kamar ya cuci ɗansa.

WANDA BA NA JIRA BA NE

Ba kowace karkacewar kai ce daga kwanciya ba. Cikin yara 2000 zuwa 2500 akan sami guda wanda ƙasusuwan kansa suka haɗe tun lokaci bai yi ba. Kan yakan yi tsawo da ƙunci kamar jirgin ruwa, ko goshi ya yi tsini. In an bi da yatsa sai a ji wani tudu mai tauri ya miƙe kamar kunya a gona. Juyi ba ya gyara wannan, kuma yana iya matse ƙwaƙwalwa. Aiki ake yi, an fi so kafin yaro ya cika shekara, a babban asibiti kamar na Yamai. Gidan likita na kusa shi zai ba da takardar zuwa.

Haka kuma in kan na girma fiye da kima, jijiyoyi sun fito raɗau, idanu na kallon ƙasa, ruwa ne ke taruwa a ciki. Yaron da ya kai wata 4 bai riƙe wuyansa ba shi ma a kai shi, don wani lokaci rashin ƙarfi ko tamowa ke sa shi yawan kwanciya, ƙeyar alama ce kawai.

Maɗiga ita ma tana magana. In ta kumbura ta yi tauri, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi nono, ana tsoron sanƙarau, balle lokacin hunturu da bazara. In ta faɗa ciki, ga zawo ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Shafa mata magani ba ya ɗago ta. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, a kama hanya ko da dare ne, ko a amalanke.